Kafin magidanci ya sayi na'urar kyafa nama, ya fara lissafin itace

Duk mai riƙe da babbar waya ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: wani Ba'amurke ya ɗaga murfin wani baƙin ƙarfe mai kama da tankin ruwa, hayaƙi ya tashi, ya zaro ƙirjin sa da ya kwana a wuta, yana ɗora wuƙa naman yana zubewa da kansa. Ba mamaki idan magidanci a Gumel ko Maigatari ya kalli wannan a TikTok ko Facebook ya ji shi ma yana son irin ta a tsakar gidansa.

Sha'awar ba laifi ba ce. Masarautar Gumel ƙasar nama ce. Duk ranar Alhamis shanu da raƙuma da ragunan Uda da Balami na cika kasuwar Maigatari, daga nan a loda su zuwa Kano da kudancin ƙasar nan. Mutumin da ya tashi a nan bai buƙatar wani ya koya masa daɗin tsire ko balangu. Abin da ya sauya shi ne tsadar naman. An rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ta daga ɓangaren Najeriya ba sai Maris na 2024, sannan a 2025 hukumomin Nijar suka dakatar da fitar da dabbobi ana gab da Babbar Sallah. Ragon da aka sha wahala kafin a saye shi bai kamata ya zama abin gwaji a cikin na'urar da ba a san kanta ba.

Tambayar farko da ya kamata mai niyyar saye ya yi wa kansa ita ce: me yake son yi da ita? Abubuwa uku ne ake haɗa su wuri guda, alhali kowanne da hanyarsa. Akwai gashi, wanda ake yi kusa da garwashi mai zafi a gama cikin ɗan lokaci, kamar tsire. Akwai kyafe irin na bidiyon, inda nama ke shafe sa'o'i da yawa, wani lokaci goma ko fiye, cikin hayaƙi da zafi kaɗan, tsakanin digiri 107 zuwa 121 a ma'aunin Salshiyos. Sai kuma banda, wadda manufarta a busar da nama ko kifi ya daɗe bai lalace ba, irin ta kifin da ake kawowa daga Haɗeja.

Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne. Naman da aka kyafa irin na Amurkawa da ruwansa yake fitowa, shi ya sa yake da taushi, shi ya sa kuma ba ya ajiyuwa. Su firji suke mayar da shi. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, irin wannan nama na cin ranar ne. Babbar Sallah ta faɗo ranar 16 ga Yuni a 2024, a 2025 kuma 6 ga Yuni, kowace shekara tana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya, wato tsakiyar zafi take dosa. Wanda ya kyafa cinyar rago sukutum ya rataye a ɗaki yana zaton ya yi banda, zai iya wayar gari da asarar nama, ko abin da ya fi haka, iyali a gadon asibiti. Banda sai an yanyanka nama falle-falle, an sa gishiri, an bar shi ya bushe har ciki. Iyayen gida da ke soya naman layya ƙayau su adana shi cikin kitsensa sun daɗe da sanin haka, ruwa ne abokin gabar ajiya.

Akwai kuma batun naman kansa. Shanun da ake yi wa wannan kyafe a Texas na kiwon turke ne, an ɗura musu masara, kitse ya ratsa tsokarsu. San da ya yi tattaki daga dajin Damagaram tsoka ce zalla. Idan aka bar cinyarsa sa'o'i goma a hayaƙi, abin da za a samu ya fi kusa da fatar takalmi. Mai son gwada wannan salo sai ya nemi wuraren da ke da kitse da jijiya: tozo, ƙirji, haƙarƙari, wuya. Tozo ma wata gata ce da shanun yankin nan ke da ita wadda yawancin na Turawa ba su da ita, kuma duk mahaucin kirki zai nuna wa mutum wanda ya dace.

Amma babban abin da zai yanke hukunci shi ne makamashi. Na'urar da aka fi gani a bidiyo, mai akwatin wuta a gefe da doguwar ganga a kwance, an ƙera ta ne a ƙasar da itace ke da araha. Sai an riƙa jefa mata faskare kusan kowace sa'a har a gama. Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar kuwa suna bakin hamada ne. Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin nan na dasa ganuwar bishiyoyi ya shafa, kuma kowace uwargida ta san yadda kuɗin ɗaurin itace da buhun gawayi ke cin kuɗin cefane. Na'urar da za ta lashe itacen girkin kwana uku domin abincin dare guda za a yi amfani da ita sau ɗaya ko biyu, daga nan ta koma wurin kwanan kaji.

Wani abin sha'awa, itacen da mutanen Texas ke alfahari da shi, wanda suke kira meskit, ɗan uwan ƙirya ne, wadda maƙeran ƙasar Hausa suka fi so saboda ƙarfin gawayinta. Sai dai ƙiryar ta yi ƙaranci, marke ma haka. Abin da ya fi sauƙi shi ne a yi zafi da gawayi, a ɗora 'yan guntayen busasshen itace mai kyau domin ƙamshi kawai: reshen bagaruwa, ko na mangwaro da goba da aka sassabe. Guntaye uku ko huɗu sun isa. Itacen da bai bushe ba hayaƙinsa fari ne mai kauri, yana sa nama ɗaci. Tumfafiya da tinya da duk wani tsiro mai farin ruwa ba su da wuri a nan. Haka ragowar katakon kafinta mai fenti ko gam, balle leda da roba da wasu ke hura wuta da su.

Idan aka yi wannan lissafi, na'urorin ƙasar waje sukan fita daga jerin da kansu. Masu aiki da lantarki, ko masu cin ƙwayoyin garin katako da aka matse, suna buƙatar wuta mai ɗorewa da kayan da sai an yi odarsu. Mai zagayen nan ta kamfanin Weber, wadda aka fara ƙerawa a 1952, tana da kyau kuma ba ta cin gawayi sosai, sai dai da dala ake sayenta, dalar da ta haura naira 1,500 a 2024. Kwaikwayonta masu araha kuwa ƙarfensu kamar gwangwani yake. Iskar hunturu na kaɗawa zafin zai gudu, damina guda kuma tsatsa ta huda gindin. Araha dai ba ta ado.

Zaɓi na haƙiƙa ga mutumin wannan yanki biyu ne: ginin ƙasa ko duro.

Ginin ƙasa ya fi cancanta ga mai gidan kansa. Ƙasa na riƙe zafi, iska ba ta damunta, kuma idan ta tsage da laka ake gyarawa. Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. A 1969, a wata unguwar masunta mai suna Chorkor a birnin Accra na Ghana, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar binciken abinci ta ƙasar suka yi aiki da mata masu bandar kifi, suka fito da wani murhu mai sauƙi. Katangar ƙasa ce mai kusurwa huɗu da ƙofar wuta a ƙasa, a samanta a jera faifan raga masu bakin katako, ɗaya bisa ɗaya, a rufe na sama. Faifan da aka jera su ne ke zama bututun hayaƙi, don haka zafi ba ya tserewa kuma itace kaɗan ke yin aiki mai yawa. Murhun ya bazu a ƙasashen Afirka da dama. Gida ɗaya bai buƙatar faifai goma, biyu ko uku sun wadatar. A taƙaice tukuba ce aka yi wa katanga da murfi, kuma duk maginin da ya iya ginin tanderun burodi zai iya ta.

Matsala ɗaya ita ce ƙasar yankin rairayi ce, ba kowace ke ginuwa ba. Sai a nemo jar ƙasa ko laka daga kududdufin da ake buga tubali, a cuɗa da ciyawa. Bulon siminti kan fashe idan wuta ta daɗe tana dukansa. Sannan a yi mata rumfa, in ba haka ba ruwan Agusta zai cinye ta.

Mai zaman haya, kamar malamin kwalejin ilimi ta Gumel ko ma'aikacin da aka turo aiki bakin iyaka, ba zai yi gini a gidan wani ba. Shi duro ya dace da shi, irin mai lita 200, a tsaye. Mai walda ya huda ƙananan ƙofofin iska a ƙasa waɗanda za a iya buɗewa da rufewa, ya yi kwandon gawayi, ya sa raga a sama, ya yi murfi mai hudar fitar hayaƙi. Da waɗannan ƙofofi ake sarrafa wuta: a rage iska zafi ya sauka, a ƙara ya hau. Duron da ya rufu da kyau zai iya shafe sa'o'i da kwandon gawayi guda.

A nan ne ake yin sakacin da ya fi kowanne haɗari. Duron da ake sayarwa a kasuwa ba ya faɗin abin da ya taɓa ɗauka. Wani man gyaɗa ne, wani bakin mai, wani maganin feshi ko sinadarin masana'anta. Wanda ba a san asalinsa ba a bar shi, komai arharsa. Wanda aka tabbatar na kayan abinci ne ma sai an cika shi da wuta fentin ciki da waje ya ƙone, an kankare, an wanke, an shafe da mai. Ragar ma abin dubawa ce. Wayar shinge mai ruwan tutiya da ragar tsohon firji ba a yi su domin wuta ba, rufin jikinsu na iya komawa kan abinci. Rodi siriri da aka goge ko ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi.

Ko ginin ƙasa aka zaɓa ko duro, abu guda ne bai kamata a yi sassauci a kansa ba: kada kitse ya riƙa ɗiga kan garwashi. Wannan tartsatsin da ke tashi da baƙin hayaƙi, wanda mutane da yawa ke ɗauka shi ne daɗin gashi, yana ɗauke da sinadaran da masana ke kira PAH. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ɗaya daga cikinsu a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, Tarayyar Turai kuma ta tsaurara ƙa'idarta a kan kyafaffen nama da kifi a 2014. Shi kansa murhun Chorkor an same shi da wannan rauni, abin da ya sa daga baya aka fito da wani samfuri a Thiaroye ta ƙasar Senegal mai farantin tare kitse. A gida maganin bai wuce tsohon tire ba, a zuba masa ruwa ko yashi, a sa shi tsakanin wuta da nama. Mai walda ya yi masa wurin zama tun farko.

Sai wurin ajiyewa. A ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, inda darnin kara da rumbuna ke jikin juna, wutar da za ta kwana tana ci sai an nisanta ta da su, musamman da hunturu. Kuma ko sanyi ya kai yaya, ba a shigar da garwashi ɗaki ko shago a rufe ƙofa. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Wani abu da magidanta kan manta: su ne ke saye, amma bayan makon farko galibi uwargida ce za ta ci gaba da fama da abin, ita ce kuma aikin naman Sallah ke kanta. Ya kamata a tambaye ta kafin a je wurin mai walda. Ta yiwu ta ce tsayin ya yi yawa, ko ragar ta yi nauyin ɗauka, ko kuma abin da take buƙata faifan busar da nama ne da babbar tukunyar suya. Gidan da sau ɗaya a shekara yake samun nama mai yawa ma zai iya haɗa kuɗi da 'yan uwa a yi guda, ko a kai wa mai tukuba na unguwa a biya shi ladan aiki.

Idan akwai ragowar kuɗi, ma'aunin zafi mai tsinke ya fi kowane ado amfani. Kaza sai cikinta ya kai digiri 74 kafin a ce ta nuna, kuma hayaƙi kan sa fatar ta yi ja tun cikin bai dahu ba.

Da kazar ko zabuwa ya kamata a fara gwaji, makonni kafin Sallah. A lura da launin hayaƙin: siriri mai ɗan shuɗi ake so, idan ya yi fari ko baƙi a duba itacen ko a ƙara iska. A auna gawayin da aka zuba da wanda ya rage. Idan duron na zubar da hayaƙi ta gefen murfi, a mayar wa mai walda ya gyara tun kafin layinsa ya cika da masu gyaran kurfoti da wuƙaƙen layya.