Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Ilimin Bai Ɗaya (SUBEB) ta Jihar Kano

Ranka ya daɗe,

Tun da gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024 ake ta gina azuzuwa da gyaran tsofaffi. Madalla. Roƙona a sake duban fasalin ajin kafin a ƙara dasa harsashi.

Bencin nan mai haɗe da tebur, wanda ake jerawa yana fuskantar allo, saurare kawai yake koya wa yaro. Malami ya ce yara biyar su haɗu su auna tsiron wake, ko su zana taswirar unguwarsu, sai ka ga ana murɗe wuya, wasu sun koma ƙasa, domin bencin ba ya juyuwa. A ba kafintocinmu aikin ƙananan tebura marasa nauyi, waɗanda yara biyu za su ɗaga su haɗa da na maƙwabtansu.

A sa kabad mai kwaɗo a kowane aji. Aikin haɗin gwiwa yakan ɗauki makonni, kuma abin da yara suka fara da kwali ko yumɓu, in babu ma'ajiya, ba ya kwana. Wannan ne ya fi damuna, don shi ke kashe gwiwar malami mai himma.

A faɗaɗa baranda, a sa silin saboda zafin kwano a watan Afrilu, a dasa darbejiya, a keɓe fili na lambu kusa da famfo.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce ɗalibai 35 ga malami ɗaya a firamare. A zana kowane sabon aji da wannan lissafin.

Wassalam,
Wani mai kishin ilimin firamare, Kano