Bakin adafta ɗaya ne, wutar ba ɗaya ba

Jama'a, akwatin sauya sautin jita da samarinmu ke haɗawa da hannu yana cin bolt 9, kuma tsinken tsakiyar raminsa nagetif ne. Adaftar dikoda kuwa galibi bolt 12 ce, tsakiyarta fozitif. Bakin zai shige lafiya lau, sai dai ka ji ƙauri. Haka wani yaron zangonmu a Chereponi ya yi asarar aikin sati biyu ana gobe biki.

Ni dai a ganina laifin mai haɗawa ne, ba na mai sokawa ba. Dayod ɗaya a jere da wayar fozitif zai tare wutar da ta zo a juye. Sa shi, auna da mita kafin ka liƙa dalma, ka rubuta alamar a jikin akwatin. Don Allah a daina aiki da ka.