Ba wanda ya yi wa robot ɗinku asiri

Jama'a, ku yi haƙuri zan faɗi abin da ba za ku so ji ba. Duk lokacin da 'yan uwanmu na Arewa da ke karatu a nan Kudu suka shiga gasar robot, ya tsaya cak a tsakiyar fili, maganar ɗaya ce: wai an toshe mana sigina don mu 'yan Arewa ne. Har wani ya ce da sa hannu a ciki. Haba! Ɗalibin injiniya fa.

Ban ce babu wariya a nan ba, duk mun san ta, tun daga neman ɗakin haya. Amma ba ita ke kashe ESP32 ba. Wuta ce. Ka ɗauko batir 18650 a Computer Village an rubuta masa 9900mAh, alhali na gaske da ƙyar yake wuce 3500, ka haɗa moto huɗu da rediyo a kansa. Da robot ya yunƙura ko ya daki bango, moto ya zuƙe wutar, ƙarfinta ya faɗi, allon ya mutu ya sake tashi. Kai kuma kana can kana jijjiga rimot kana zargin alƙalai.

Gwajin ma ba wuya. Sa allon ya riƙa aiko maka da daƙiƙun da ya yi a kunne. In bayan katsewa lissafin ya koma sifili, wuta ce ta ɗauke masa. In ya ci gaba daga inda yake, to sai mu yi maganar sigina. Wa ya taɓa yin wannan kafin ya hau Facebook da kuka?

Ko da siginar ce, ba sai an nemo maƙiyi ba. A ɗakinka kai kaɗai ne a kan 2.4GHz. A zauren gasa kowa da wayarsa, WiFi da Bluetooth a kunne, sauran ƙungiyoyi kuma masu nRF24L01 sun bar shi a tasha 76 da ya zo da ita, kamar yadda ka bar naka. Canza tasha layi ɗaya ne a rubutu. Fito da eriya daga cikin ƙarfe, nesa da wayoyin moto. Sa wa nRF ɗin kafasita 10µF a bakin wutarsa, kowane moto kuma 0.1µF. Sannan don Allah a yi dalma, wayoyin cusawa ba sa jure girgiza.

Abin da ke ƙona min rai shi ne 'yan aji ɗaya da biyu suna jinmu. Yarinya ta zo daga Gusau da sha'awar abin nan, ta ji manya na cewa ko ka iya ba za a bar ka ka ci ba, sai ta ajiye. Mu ne muka kore ta.

Wanda robot ɗinsa ke katsewa ya kawo shi ranar Asabar bayan la'asar, ina da mita. Ya zo da batirin da ya yi gasar da shi, ban da sabo.