Huda Harshe Da Leɓe: Abin Da Hoto Ba Ya Nunawa

Huda harshe ko leɓe a saƙala ɗan ƙarfe yayi ne da ya daɗe tsakanin matasan Turai da Amurka, yanzu kuma ga shi yana yawo cikin wayoyin samari ta hotunan mawaƙa da 'yan wasa. Mai kallo ƙyallin kawai yake gani.

Babu shakka harshe ba fatar kunne ba ce. Tsoka ce cike da jijiyoyin jini, tana zaune daf da hanyar numfashi, a wurin da ba ya bushewa kuma ba ya rabuwa da ƙwayoyin cuta. Da zarar an huda shi sai ya kumbura, in an yi rashin sa'a allura ta taɓa babbar jijiya, to tsayar da jinin sai an kai ga asibiti. Ciwon yakan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin ya warke, alhali kullum sai an ci an sha ta kansa. Idan ƙwayar cuta ta gangara ƙarƙashin harshe, ƙasan baki da wuya sukan kumbura har numfashi ya gagara. Idan kuwa ta shiga jini, tana iya sauka a zuciya, musamman ga yaron da aka haifa da lalurar zuciya, wanda wataƙila shi kansa bai san yana da ita ba.

Sai maganar kayan aiki. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B takan yi aƙalla kwana 7 da ranta a jikin ƙarfen da jini ya taɓa. Wannan ne dalilin da ya sa likitoci ke jan kunne kan askar wanzami ɗaya a jikin mutane da yawa, to ina ga allurar da ke ratsa tsokar baki?

Wani abin takaicin shi ne ko ciwon ya warke lafiya, ɓarnar ba ta ƙare ba. Saurayi yakan saba wasa da ƙarfen tsakanin haƙoransa, a hankali haƙori ya tsage ko ya ɓantare. Ƙarfen leɓe kuma yana gugar dasashi har ya janye, tushen haƙori ya fito fili, kuma dasashin da ya janye ba ya komawa da kansa. Ɗan shekara 15 da ya yi wannan asara, da ita zai girma.

Su kansu masu yayin sun fara taka masa birki. Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ba ta goyon bayansa, yankin Wels na Birtaniya kuwa tun Fabrairun 2018 ya mai da huda harshen wanda bai kai shekara 18 ba laifi, ko da iyaye sun yarda.

Wanda ya riga ya yi, in ya ga zazzaɓi, mugunya, jinin da ya ƙi tsayawa, ko kumburin da ke hana haɗiyar yawu, ya nufi asibiti a ranar, kada kunyar faɗan iyaye ta sa ya kwana da shi.