Tukunyar Gas A Gidan Haya: Ina Alhakin Mai Gida?

Jama'a, yawancinmu manoma ne, amma da wuya a sami gida a ƙauye wanda ba shi da ɗa ko 'ya da ke zaman haya a gari. Waɗansunmu kuma da suka sami rarar amfanin gona sun gina ɗakuna a birni sun zuba 'yan haya. A ɗakunan nan tukunyar gas tana ta korar itace da risho. To, in gas ya yi ɓarna, wa za a tambaya? Mu dai a ganinmu, mai karɓar kuɗin haya ba shi da damar cewa babu ruwansa.

Bari mu duba yadda Birtaniya ta yanke maganar. Can ana jawo gas ta bututu har cikin gida, don girki da ɗumama ɗaki. Bisa ga dokarsu ta 1998, dole mai gidan haya ya sa a binciki murhu da na'urar ɗumama ɗaki da bututun hayaƙi da ya tanadar wa ɗan haya, sau ɗaya kowane wata 12. Ba kowane makaniki ke yin aikin ba, sai wanda sunansa ke cikin rajistar da ake kira Gas Safe Register, wadda aka soma a 2009. Sa'an nan mai gida ya ba ɗan haya takardar binciken cikin kwana 28, sabon ɗan haya kuwa a ba shi tun bai shiga ba. Wanda ya ƙi, ana iya cinsa tara ko a ɗaure shi.

Sun san abin da suke tsoro. A 1968, a wani dogon bene mai hawa 22 a Landan da ake kira Ronan Point, gas ya fashe a hawa na 18, kusurwar ginin ta rufta, mutum 4 suka mutu. Ɗaki ɗaya ya kama, amma maƙwabta ma ba su tsira ba.

Lalle wani zai ce, "Ai nan ba Ingila ba ce. Ɗan haya ne ya sayi tukunyarsa, shi ke cika ta." Gaskiya ne. Ko a can ma, murhun da ɗan haya ya zo da shi nasa ne, shi zai lura da shi. Amma ɗakin fa na wa? Ɗan haya ba ya iya fasa bango ya buɗe taga, ba ya iya gina ɗakin girki. Sau da yawa ko ƙorafi ba ya yi, don kada a ce ya kwashe kayansa.

Ga dalilin da ya sa ginin ke da muhimmanci haka. Gas na tukunya ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya ba ya tashi sama kamar hayaƙi, sai ya kwanta a ƙasa ya taru, yana jiran ashana ko makunnin lantarki. Saboda haka taga ta sama ba ta isa ba, sai an bar mafita kusa da daɓe. Na biyu kuma ya fi mugunta. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska takan fid da iskar guba, watau kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum ya ji ciwon kai da jiri da kasala, ya ce zazzaɓi ne, ya kwanta. Lokacin hunturu ne abin ya fi tsanani, gama kowa ya rufe ƙofa da taga. Gawayi da janareta ma haka suke yi a rufaffen wuri. Tun 2022 dokar Ingila ta tilasta wa masu gidan haya su kafa na'ura mai ƙara in ta ji wannan guba, a ɗakin da aka girka na'urar ɗumama mai cin gas ko mai.

Mutum ya jera ɗaki 10 bai keɓe wurin girki ko ɗaya ba, ya kuwa san matan nan a ɗakin kwana za su dafa tuwo, yara na barci a gefe. Wannan ganganci ne, ko da doka ba ta kama shi ba.

Ba mu ce sai an kashe kuɗi mai yawa ba. Mai gida ya gina ɗakin girki mai shan iska sama da ƙasa. Ya tanadi inuwa a waje inda tukwane za su tsaya a tsaye, nesa da wuta. Shi ne kuma ya san dukan 'yan hayarsa, shi ake jin maganarsa. In ya zo karɓar haya, bari ya zaga da ruwan sabulu, a shafa wa tiyo da bakin tukunya. In ya yi kumfa, akwai yoyo, a rufe tukunyar a fitar da ita. Kada a gwada da ashana. Ya dubi harshen wutar kuma: shuɗi shi ne daidai, in ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunyar girki, a kira mai gyara kafin a sake kunna murhun.