Karatun Dakta: A Gida Ko A Ƙasar Waje?

Jama'a, ina so in ce wani abu a kan kuɗin da a ke kashewa ga malamai masu neman digiri na uku, wanda a ke kira digirin digirgir. Wani zai ce ina ruwan ɗalibi mai koyon aikin malanta da wannan magana? To, ai waɗannan malaman su ne ke koya mana, su ne kuma za su rubuta littattafan da za mu riƙe a gaban yara gobe. In rijiya ta ƙafe, mai guga shi ke fara sani.

A shekarar 1993 gwamnatin Nijeriya ta kafa asusun ilmi, wanda ya zama TETFund a 2011. Kamfanoni ne suka riƙa zuba masa haraji daga ribarsu, da fari kashi 2 cikin ɗari, har ya kai kashi 3 a 2023. Da wannan kuɗi aka tura malaman jami'o'i da na kwalejojin ilmi irin tamu karatu a gida da waje. Amma a watan Yuni na 2023 aka sakar wa kasuwa farashin naira. Dala ɗaya da ba ta kai naira 500 ba sai ga ta ta wuce 1,500 a farkon 2024. Kuɗin makaranta a Ingila da Amurka ya gagara, wasu waɗanda aka tura kuma suka gama suka ƙi dawowa. A ƙarshen 2024 asusun ya ba da sanarwar dakatar da tura malamai waje.

Ni dai a ganina kuɗin da za a biya wata jami'ar Turai na shekara uku saboda mutum ɗaya, gara a sayi kayan gwaji da littattafai da wutar lantarki waɗanda ɗalibai da yawa za su amfana da su a nan. Zanen aro ba ya rufe katara. Amma fa rufe ƙofa gaba ɗaya shi ma ba dabara ba ce, gama akwai na'urori da gwanaye waɗanda ba mu da su tukuna.

Akwai hanya a tsakani. Shirin tallafin karatu na ƙasashen Kwamanwel, wanda aka fara a 1959, yana da wani tsari inda ɗalibi ke yin rajista a jami'ar ƙasarsa, ya je Ingila na wata 12 ko ƙasa da haka, ya dawo ya ƙarasa a gida. Kuɗi kaɗan ne, iyalinsa na nan, digirin kuma na jami'armu ne.

Dubi kuma irin waken nan SAMPEA 20-T, wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta iya yi masa ɓarna. Masanan Samaru ta Zariya ne suka yi aikin tare da masanan Ostareliya, aka gwada shi a gonakinmu, aka fitar wa manoma a 2019. Matsalar ta manominmu ce, baƙi suka kawo abin da suka sani, 'yan gida suka kawo nasu. Haɗin kai na gaskiya ke nan.

Saboda haka ina roƙon shugabanni, duk wanda ya zo daga waje da kuɗin bincike a yi masa maraba, amma da sharaɗi uku. Tambayar da za a bincika ta zama tamu. Sunan malaminmu ya fito a takardar sakamako, kada a mai da shi ɗan aike mai tara wa wasu bayani. Kayan aikin kuma su zauna a nan bayan baƙi sun tafi.

Mu kuma 'yan'uwa ɗalibai, wanda Allah ya ba shi zarafin tafiya, ya tuna kuɗin jama'a ya ci, ya dawo ya biya da aiki. Iyakar abin da zan ce ke nan, mai wani ra'ayi ya amsa mini a fitowa ta gaba.