RA'AYINMU: Yaro Mai Nauyin Ganewa Ba Abin Yarwa Ba Ne

A makarantun firamare na Ƙaramar Hukumar Yusufari, can arewacin Jihar Yobe a bakin iyakar Jamhuriyar Nijar, da wuya a sami ajin da babu irin wannan yaro. Yana zaune a layin baya, malami ya biya karatu sau uku, 'yan'uwansa sun ɗauka, shi kuwa shiru. Tun yana aji biyu aka laƙaba masa sunan daƙiƙi. Kafin ya kai aji biyar uban ya gaji, ya ce kuɗin littafi asara ne, sai a sa shi mota a Gashuwa ko Nguru, a aika da shi wurin baffansa a Agege ko Sabo ta Badun, ya je ya tura baro ko ya yi ga-ruwa. Ku masu karanta wannan shafi ku ne kuke tarbarsa a tasha, saboda haka maganar nan taku ce.

To, wa ya taɓa binciken abin da ya hana shi ganewa? Wani yaron Manganci ko Fillanci yake ji a gida, ya zo aji ya tarar malami yana bayani da Hausa, littafi kuma da Turanci. Wani kunnensa ne ba ya ji sosai, wani allon bango ne ba ya gani daga nesa, kuma ba wanda ya gwada shi. Wani ya fito ba karin kumallo. Wani kiwo da ɗiban ruwa sun ci masa rabin zangon karatu. Akwai kuma wanda Allah Ya halitta da jinkirin ganewa, shi ma yana koyo idan aka bi shi a hankali. Duk waɗannan an haɗa su an yi musu suna ɗaya, an kuma yanke musu hukunci ɗaya.

Alhali kuwa ba doka aka rasa ba. An buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ware babi guda domin yara masu buƙata ta musamman, kuma akwai Kwalejin Tarayya a garin Oyo wadda aikinta horar da malamansu. A 1994 gwamnatoci 92 suka taru a Salamanka ta ƙasar Sifen, suka amince cewa makarantar kowa da kowa ita ya kamata ta karɓi kowane yaro. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, a 2019 kuma aka sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. A wannan shekarar ce Gwamna Mai Mala Buni ya kafa dokar ta-ɓaci kan ilimi a Yobe. Takardu sun cika, saura yaron layin baya ya gani a ƙasa.

Dabarar ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya zauna tsangaya a ƙasar gabas ya san kowane almajiri da allonsa. Malam yana biya wa kowa inda ya tsaya, ba a wanke allo sai karatu ya zauna, gardi yana taimakon kolo, kuma ba a korar yaro don wani ya riga shi sauka. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yi suna a duniya da abin da ya yi kama da wannan: a gwada yara, a raba su rukuni-rukuni gwargwadon abin da kowa ya iya, a ba su lokaci kullum kan baƙi da lissafi har su kamo 'yan'uwansu. Wannan ba ya bukatar sabon gini, horo yake bukata da haƙuri.

Saboda haka muna kira ga hukumar ilimin firamare ta Jihar Yobe da ta tabbatar kowace makaranta a Yusufari, har Tulo-Tulo da Bulatura, tana da malami ko da guda wanda ya san wannan aiki. Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ke Gashuwa ta ba shi muhimmanci a horonta. Ma'aikatan lafiya su riƙa gwada ido da kunnen kowane ɗan aji ɗaya. A kuma nufi ƙa'idar malami ɗaya ga yara 35, domin wanda aka cika wa aji maƙil ba ya ganin na baya.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Ikko, Badun, Anaca da Fatakwal, idan aka aiko muku cewa wane ya kasa boko za a turo shi, kada ku yi gaggawar aika kuɗin mota. Ku tambaya ko an kai shi asibiti, ko an zauna da hedimasta. Ƙungiyoyinku na 'yan gari ɗaya, da taimakon sarakunan Hausawa, suna iya ɗaukar nauyin tabarau da darasin yamma a ƙauyukanku, kamar yadda suke ɗaukar nauyin kai gawa gida. Sannu ba ta hana zuwa, in dai ba a tare wa mai tafiya hanya ba. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.